Tan Biyar ɗin da ke Jikin Hiab, a Wace Tazara?

Makonni uku da suka wuce na je gida Shagari ɗaurin aure. Ana watsewa ɗan ƙanwata, wanda ke da wurin buga bulo a kusa da Bodinga, ya jawo ni gefe, ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Injin ɗaga kaya ne mai hannu mai lanƙwashewa, irin wanda ake ɗorawa a bayan kan babbar mota, ɗan Beljiyam, yana ajiye a wani yadi a Legas, an shafe shi da jan fenti sai ƙyalli yake yi. Ya ce, "Kawu, tan biyar yake ɗauka. Gonar fadamata zan sayar in saye shi, in ɗora a tsohuwar motata." Na ce masa, tan biyar a wace tazara? Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

Ba raina tunaninsa na yi ba, domin kasuwar tana nan. Duk wanda ke bin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari da Tambuwal zuwa Jega ya san irin kayan da ake saukewa a garuruwan nan: taransifoma, turakun wuta na kankare, zoben kwalbati, tankunan rijiyar burtsatse, manyan janareto. Sau da yawa sai an kira mota daga cikin birni, a biya ta kuɗin zuwa da na komawa ba kaya. Wanda ya ajiye irin wannan mota a Bodinga ba zai rasa aiki ba. Abin da ya dame ni shi ne gado za a sayar, ga shi kuma lissafin duka an gina shi a kan lamba ɗaya da dillali ya faɗa.

Mutanenmu Hiab suke kiran kowane irin wannan inji, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama Omo. Asali sunan kamfani ne da wani Eric Sundin ya kafa a garin Hudiksvall na ƙasar Suwidin a 1944. Sana'arsa sassaƙa allunan zamiya a kan ƙanƙara, wahalar loda gungumen itace ce ta sa ya gano cewa injin motar kansa zai iya tura mai da ƙarfin da zai ɗaga kaya. Yau akwai Palfinger na Ostiriya da Fassi na Italiya da wasunsu, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma a shekarun da na yi ina kula da kayan aiki a wani kamfanin gine-gine ban ga wanda ya karya ta ya wanye lafiya ba.

Ɗauki bokitin ruwa ka riƙe a jikin cinyarka, za ka iya tafiya da shi. Miƙe hannunka da shi, ka ga daƙiƙa nawa za ka yi. Shi ya sa masu ƙera injin ke auna ƙarfinsa da nauyi sau tazara. Injin da ƙarfinsa goma ne a wannan ma'auni zai ɗaga kamar tan 5 a tazarar mita 2, tan biyu da rabi a mita 4, in an miƙe hannun zuwa mita 8 kuwa da ƙyar ya wuce tan ɗaya, saboda shi ma hannun yana da nauyinsa. Daga tsakiyar ginshiƙin injin ake fara awon, faɗin motar kuma kusan mita biyu da rabi ne. Ke nan tan biyar ɗin da dillali ke tallatawa a jikin tayar mota kawai yake. Aikin gaske kuwa bayan kwata yake, ko ƙetaren katanga, inda dakalin taransifoma ke mita shida ko bakwai daga inda mota za ta iya tsayawa. Duk wannan yana rubuce a wani allon ƙarfe da ke manne a jikin injin. In an cire allon ko an shafe shi da fenti, mai saye ya kama hanyarsa.

Sabon fenti ma abin tsoro ne, don yana rufe tsaga da tsatsa, kuma injunan da suka yi aiki a Turai sun sha gishirin da ake watsa wa tituna lokacin sanyi. A kankare fentin a gindin ginshiƙi da gwiwar hannu a nemi tsaga ko waldar da ba ta kamfani ba. A girgiza hannun a ji ko fin da bushin sun ci. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a rataya kaya mai nauyi, a ɗaga, a kashe inji, a tsaya minti goma ana kallo. In kayan na sauka a hankali, to silinda ko bawul ɗin riƙe kaya sun gaji. Sannan a tabbatar na'urar da ke hana injin ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa tana aiki. Wasu kan cire ta saboda wai tana hana aiki, alhali ita ce kaɗai ke iya ce wa mai tuƙi a'a.

Inda aka fi tafka asara shi ne wurin ɗorawa. Injin mai wannan girma shi kansa ya haura tan ɗaya, kuma mafi yawan nauyin kan ƙafar gaba zai sauka in an ɗora shi a bayan kan mota; wannan nauyin daga cikin kayan da motar ke ɗauka za a cire shi. Ba a ɗaure shi kai tsaye a kan shasi. Sai an shimfiɗa ƙaramin shasi na biyu mai ƙarfi wanda zai raba murɗar, a ɗaure da manyan kusoshi. Mai walda na bakin titi, komai gwanintarsa a ƙofa da taga, zai so ya bi leɓen shasin da wuta ko ya huda shi, daga nan kuma tsaga ke farawa, wata rana motar ta karye gida biyu da kaya a sama. Famfon da giyabos ke juyawa dole ya dace da injin, tankin mai kuma ya wadata, domin a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40, man da ya yi zafi da yawa cinye robobin silinda yake yi.

Na ba ɗan nawa labarin abin da ya faru a unguwarmu wata damina, shi yana makaranta lokacin. Karo-karo muka yi aka samo taransifoma bayan watanni muna cikin duhu, aka ɗauko hayar mota daga birni. Direban ya tsaya shan shayi, yaron motarsa ya kama liba. Ƙafar dogara ta dama ya fitar rabi saboda lungun ya matse, ya dasa ta a ƙasa ba tare da katako ba. Babu wanda ya tuna cewa wurin tsohon masai ne da aka cike. Kayan na ƙetare kwata ƙafar ta fara nutsewa, tayoyin hagu suka bar ƙasa, ga yara sun fi ashirin a kewaye suna kallo. Allah ya kiyaye, yaron ya sauke kayan a inda suke, taransifomar ta dira a laka, bututun sanyaya mai guda ya fashe. Wata biyu muka ƙara a duhu, amma babu wanda ya yi ƙorafi mai ƙarfi, kowa ya ga abin da ya so faruwa. Ƙafar dogara ɗaya na iya danna ƙasa da nauyin tan da yawa a kan fili mai faɗin faranti. Ƙasarmu mai rairayi ce, in ta sha ruwa ba ta da amana, don haka ƙafafun biyu a fitar da su gaba ɗaya, a sa musu katako mai kauri, a tambayi masu gida me ke ƙarƙashi.

Sai wayar wuta, wadda ita ce ta fi kisa. Layukan 11,000 da 33,000 na bin gefen titunanmu, daidai inda ake sauke kaya, kuma ba sai ƙarfe ya taɓa waya ba, kusantar ta ma kan sa wuta ta yi tsalle. Kada hannun ya matsa ƙasa da mita uku, a kuma ajiye mutum guda wanda ba shi da aiki sai kallon sama. In tsautsayi ya sa an taɓa, wanda ke cikin mota ya zauna har a ɗauke wuta, na ƙasa kada su taɓa bodi. In gobara ta tilasta fita, ya yi tsalle da ƙafa biyu a haɗe, ba tare da hannunsa na jikin motar ba. Haka nan tiyon da ke tsiyaya ba a lalubarsa da hannu, man na iya huda fata kamar allura. Kwali ake karawa. A Ingila dokar 1998 ta wajabta binciken irin wannan inji duk wata 12, sarƙoƙi da igiyoyin rataya kuma duk wata 6. A nan ba wanda zai biyo ka da takarda har Bodinga, sai dai ka ɗora wa kanka.

Shawarar da na ba shi ita ce ya bar fadamar nan tukuna. Ya riƙe littafi na wata shida, ya rubuta kowane aikin da ya ji an nemi mota, nauyin kayan da tazararsu da abin da aka biya. In zai je ganin injin ya tafi da bakanike wanda ya san haidirolik, ya ware kuɗin ɗorawa da sababbin tiyo da na koya wa wanda zai riƙe liba, kada ya ɗauka kuɗin saye ne ƙarshen kashewa.

Bai ji duka ba, ya tafi Legas, amma ya ɗauki bakaniken. Shekaranjiya ya kira ni bayan isha'i. Ya ce, "Kawu, mun samu allon, tan ɗaya da ɗari ɗaya ne a ƙarshen hannu. Mun ce a rataya kaya a kashe inji, mai shi ya ce batir ba caji." Kwana biyu suka yi suna komawa, batirin bai samu caji ba. Ya ce gobe za su hau motar Kano su duba wani a wajen Ƙofar Ruwa, kuma takardar gonar tana nan a hannun mahaifiyarsa.