Jitar Lantarki Mai Floyd Rose: A Fara Aunawa Da Waya Kafin A Ɗauki Magagari

Bidiyon makaɗan jita ya cika TikTok da YouTube, kuma yawancin jitar da ke ɗaukar ido a ciki irin mai sandar nan ce da ake dannawa sauti ya nutse ƙasa sannan ya dawo daidai. Matashin da ke Gude, ko Kabo, ko Gwarzo, yana iya ganin irinta ta hannu a Jiji ko Facebook, ya tura kuɗi, direba ya kawo masa daga Kano ko Legas. Matsalar tana farawa bayan kwana biyu, lokacin da jitar ta fara zizar ƙudan zuma ko sautinta ya ƙi daidaituwa. Mai gyaran waya ana samunsa a kowace kasuwa, ga kuma Farm Centre idan abu ya gagara. Mai gyaran jita kuwa sai an tona. Shi ya sa mutane da yawa kan ɗauki magagari su hau gugar ƙarfe, kuma a nan ake kashe jita.

Sunan wannan tsari Floyd Rose, sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro shi a shekarun 1970 ya kuma yi masa rajistar mallaka a 1979. Makaɗa irin su Eddie Van Halen ne suka sa ya yi suna. Dabararsa ita ce a kulle tsirkiyoyi a wuri biyu: a kan gadar da ke jikin jita, da kuma a ƙarshen wuya, wurin da makaɗa ke kira nat. A jita ta yau da kullum, nat ɗin ƙashi ne ko roba, kuma gwani yakan goge ramukansa kaɗan-kaɗan har tsirkiya ta sauka inda ake so. A Floyd Rose kuwa nat ɗin ƙarfe ne mai tauri da makullai uku, kowanne yana damƙe tsirkiya biyu. Ba a yi shi don a goge ba. Wanda ya goge ramin ya cire rufin ƙarfen, ya bar kaifi mai tsinka tsirkiya, kuma abin da aka goge ba ya dawowa.

Hanyar da ta dace ita ce a ɗaga ko a sauke nat ɗin gaba ɗaya da siraran fallayen ƙarfe da ake sakawa a ƙarƙashinsa, waɗanda ake kira shim. Ana sayar da su da kauri irin milimita 0.1, 0.2 da 0.3. Wannan ɗan bambanci ne ke raba jita mai daɗin kaɗawa da mai ciwon yatsa.

Kafin a kwance komai, wayar da ke aljihu ta isa ta nuna inda cutar take. Manhajojin daidaita sauti irin su GuitarTuna suna nuna ko sauti ya hau ko ya sauka, wasu ma har da lissafin sent, inda sent 100 ke tsakanin ƙarfen wuya ɗaya da na gaba da shi, wato firet. A daidaita tsirkiya mafi kauri a kan E, sannan a danna ta a firet na farko da sauƙin hannu. Ya kamata manhaja ta nuna F daidai. Idan ta nuna ya haura sosai, kuma haka abin yake a firet na biyu amma yana raguwa idan an gangara tsakiyar wuya, to nat ya yi tudu. Dalili kuwa a fili yake: tsirkiyar da ta yi nisa da firet sai an ja ta kafin ta taɓa shi, kuma jan tsirkiya yana ɗaga sautinta.

Gwaji na biyu ba ya buƙatar ko data. A danna tsirkiya a firet na uku, a haska fitilar waya a kan firet na farko. Ya kamata a ga ɗan gibi siriri kamar kaurin takarda. Idan tsirkiya ta kwanta a kan firet ɗin babu gibi, nat ya yi ƙasa, kuma shi ne ke kawo ziza idan an kaɗa tsirkiya ba tare da an danna ba. Maganinsa a sassauta tsirkiyoyi, a kwance nat, a saka falle ɗaya na 0.1, a mayar, a sake gwadawa. Wanda bai sami na kanti ba yana iya yanka gwangwanin lemo, don kaurinsa bai wuce kusan milimita 0.1 ba, in dai an yanka shi daidai faɗin gindin nat kuma an huda wurin kusoshi. Idan gefe ɗaya ne kawai ya yi ƙasa, rabin falle ake sakawa a wannan gefen. Idan kuma nat ya yi tudu, a duba ko akwai fallen da aka riga aka saka, a cire shi. In babu, to itacen da ke ƙarƙashi ne za a rage, kuma wannan aikin gwani ne, ko da zai ci kuɗin mota zuwa Kano.

Akwai abin da bidiyon Turawa ba sa faɗa wa mai kallo a Kano, wato hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana bushewa ƙwarai, itacen wuya ya tsotse, lanƙwasarsa ta sauya, jitar da ke lafiya a damina ta fara ziza. Mai gaggawa sai ya ɗora wa nat laifi ya cusa masa fallaye, damina ta dawo jitar ta yi tudu. Tsarin da masu gyara ke bi shi ne a fara duba lanƙwasar wuya, sannan tsayin gada, sai a zo kan nat. Mai yin odar sabon nat a intanet kuma ya auna tukuna, domin girmansu ya bambanta: R2 faɗinsa kusan milimita 41 ne, R3 kusan 43.

Masu son Floyd Rose suna da hujja mai ƙarfi. Idan an daidaita shi yadda ya kamata, yana riƙe sauti fiye da kowane tsari mai sanda, komai dannawa. Sai dai gadarsa tana rataye ne tsakanin jan tsirkiyoyi da jan sifirin ɗin da ke bayan jita. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar sun bar layi. A sauya kaurin tsirkiya, sai an sake daidaita komai. Ga mai koyo wanda ba shi da gwani kusa, wannan lokaci ne da ya kamata ya tafi wajen koyon kiɗa.

Misalin da ya fi kusa yana Nijar. Mdou Moctar ya haɗa jitarsa ta farko da kansa, da wayar burkin keke a matsayin tsirkiya. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma ta memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka yaɗu daga waya zuwa waya kafin duniya ta san shi. Jitar da aka fi ganinsa da ita a dandamalin Turai da Amurka Fender Stratocaster ce mai nat na yau da kullum. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya.

Saboda haka, wanda zai sayi jitarsa ta farko ya nemi mai gada tsayayya, ya ajiye rarar kuɗin don tsirkiyoyi da ƙaramar amfilifaya. Wanda ya riga ya mallaki Floyd Rose ya tanadi makullin Allen mai milimita 3, da fallaye biyu ko uku, da manhajar sauti a wayarsa, ya ɗauki hoton kowane mataki kafin ya kwance, magagari kuma ya bar wa maƙera.