Raddi Ga Masu Son Na'ura Ta Nuna Ɓarawo Tun Kafin Sata A Damargu

Wasu masu magana kan tsaro suna ganin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta da ke koyo daga tarin bayanan baya domin ta yi hasashe, za ta yi maganin satar dabbobi da tare hanya a Damargu, daga Tarka ta gundumar Belbeji har hanyar da ta ratsa Tanut zuwa Agadas, muddin aka ba jandarmomi damar tsare duk wanda ta nuna. Zancen yana da daɗin ji, amma hujjojinsa ba sa jure bincike.

Sun ce na'ura ba ta da ƙabila, ba ta riƙe kowa a zuciya. Wannan gaskiya ne, sai dai abin da aka rubuta kawai take koyo daga gare shi, alhali rigimar ɓarnar gona da ta rijiya a wannan yanki galibi a gaban mai gari ko sarki ake sasanta ta, ba ta isa littafin jandarma ba, don haka abin da za a ɗura mata shi ne tarihin waɗanda aka saba kamawa. Ga kuma yanayin ƙasar kanta. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, gonaki kuma sun daɗe da tsallake ta, yayin da dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Bafillace ko Buzun da ke bin burtali daga rijiya zuwa rijiya, yau wayarsa a nan gobe a can, shi ne manhajar da ke bin sawun waya za ta fara zargi, alhali abin da doka ta halatta masa yake yi. An ga irin haka a Amurka, inda binciken ProPublica na 2016 kan manhajar COMPAS ya nuna cewa kuskuren ɗora wa mutum tambarin mai haɗari ya kusan ninkawa a kan baƙaƙen fata idan aka kwatanta da farare.

Sun kuma ce kyamara mai gane fuska ba ta ƙarya, kuma ƙasashen da suka ci gaba sun rungumi hasashen laifi. Hukumar NIST ta Amurka ta gano a 2019 cewa yawancin manhajojin gane fuska sun fi rikita fuskokin mutanen Afirka, a 2020 kuma 'yan sandan Detroit suka tsare Robert Williams kusan awa 30 kan satar da bai yi ba, bayan irin wannan manhaja ta nuna shi. A shekarar ce birnin Los Angeles ya daina amfani da manhajar hasashen laifi ta PredPol, sannan dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta haramta hasashen cewa mutum zai yi laifi bisa siffofinsa da halayensa kaɗai.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce rigakafi ya fi magani, a nan ne kuma kurensu ya fi muni, domin sun gauraya aikin mai gadi da na alƙali. Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda asalinsa na 1961 ne, yana hukunta aikin da aka yi ko aka fara yi, wanda doka ta riga ta hana. Fiƙihun Malikiyya da malaman Damagaram ke karantarwa ya ɗora hujja a kan mai ƙara, ya kuma kawar da haddi idan shubuha ta shigo. Hasashe ba aiki ba ne, ba niyya ba ce, ƙiyasi ne daga halin waɗansu mutane dabam. Shaida na ɗan Adam ana tsayar da shi a tambaye shi inda ya tsaya da abin da ya gani, manhaja kuwa kamfanin da ya ƙera ta yakan ɓoye lissafinta a matsayin sirrin kasuwanci, kamar yadda ya faru a shari'ar Loomis a jihar Wisconsin a 2016. Lamarin ya fi ban tsoro a Nijar ta yau, inda dokar 27 ga Agusta 2024 ta kafa rajistar waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, shigarta kuma na iya jawo rufe asusu har da ƙwace shaidar zama ɗan ƙasa. Idan wata rana na'ura ce ke cika irin wannan rajista, makiyayin Tarka ba zai san wanda zai kai ƙara ba.

Wannan raddi bai hana amfani da fasahar inda ta dace ba. Hoton tauraron ɗan Adam na iya nuna wa kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa inda gona ta cinye burtali tun kafin damina, kuma taskar shaidar da ke jikin dabbobi za ta taimaka wajen gano na sata a kasuwa. Amma tsare mutum sai da aikin da ya yi da shaidar da za a iya ƙalubalanta a gaban alƙali, kuma wajibi ne hukumomin Nijar su rubuta wannan iyaka a doka kafin a sayo manhajar.