Ƙarfin keke a ƙafa yake

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023 da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur, tsadar mai ta shafi kowa a bakin iyaka, daga Konni da Illela har zuwa Ɗan Issa da Jibiya. Kuɗin kabu-kabu ya tashi, kuɗin dakon kaya ma haka, shi ya sa mutane da dama suka koma wa kekunan da suka jingine a zaure. Mai tallar biredi, mai kai madara, mai ɗaukar ruwa da ɗan makaranta, duk keke ne abin hawansu a yau.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne yadda muke ganin jama'a suna sayen keke a kasuwanninmu. Mai saye zai duba fenti, ya buga ƙararrawa, ya danna sirdi, sannan ya biya. Da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya duba ƙafa, alhali kuwa ƙafar ce ke ɗaukar mutum da kayansa, ita ce ke shiga rami da yashi, kuma ita ce ke fara mutuwa.

Mu yi lissafi. Jarka 4 ta ruwa mai lita 25 kilo 100 ke nan, daidai da babban buhun gero. A ɗora nauyin mai tuƙi a kai, kuma mafi yawan wannan nauyi a ƙafar baya yake sauka. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin kekuna irin su Raleigh, wanda a da ake haɗawa a Kano, suke zuwa da waya 32 a ƙafar gaba, 40 a ta baya. Saboda haka duk wanda zai yi dako da keke, kada ya yarda da ƙafar bayan da wayoyinta suka kasa 36. Kaurin waya ma abin dubawa ne: ta yau da kullum milimita 2 ce, ta ɗaukar kaya kuwa milimita 2.3 ko fiye.

Kafin ka biya, malam, ka ɗaga keken ka juya ƙafar. In rim yana kaɗawa hagu da dama, akwai matsala. Ka bi wayoyin da yatsa kana ƙyasta su kamar mai kaɗa gurmi. In wata ta yi ƙara wata ta yi shiru, ba a ɗaure su daidai ba. Waya sakakkiya ita ce ke karyewa a wuyanta, kusa da cibiya, kuma da zarar ɗaya ta karye sai nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, su ma su bi ta, har rim ya lanƙwashe. Ka kuma riƙe ƙafar ka girgiza ta gefe da gefe. In tana motsi, boris ya saki ko ya cinye.

Sai maganar lamba, wadda ke haddasa gardama tsakanin mai shago da mai saye. Taya biyu za su iya ɗaukar lamba 28 amma ba su hau rim ɗaya ba. Ta manyan kekuna irin Phoenix na Sin da Hero na Indiya, wadda aka rubuta wa 28 x 1½, faɗin rim ɗinta milimita 635 ne. Ta kekunan Turai da ake kawowa na hannu kuwa, yawanci 622 ce. Haka lamba 26: akwai 559, akwai 590. Waɗannan lambobi suna rubuce a jikin tayar, don haka a karanta kafin a kai gida, a huta da dawo da kaya.

Wasu za su ce rim na alminiyam ya fi na ƙarfe, kuma suna da hujja. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, birki ya fi kama shi lokacin damina, kuma mai bango biyu yana da ƙarfi ƙwarai. Amma mai bango ɗaya maras kauri, wanda ake ƙawata shi da launi, ba ya jure buhu. Ban da haka, keke mai birkin sanda yana buƙatar irin nasa rim, ba kowanne yake karɓa ba. Mu a ganinmu, ƙafar da ta fi dacewa da ɗan kasuwa ita ce wadda mai gyaran ƙauyensu yake da wayarta da tayarta da tiyub ɗinta. Mun ga darasi lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, inda shigo da kaya ya yi wuya. A irin wannan hali, mai keken da ba a samun kayansa a kusa shi ne ke fara komawa tafiyar ƙasa.

Kiranmu na farko ga 'yan uwanmu masu sayar da kekuna da kayan gyara ne. Ku tambayi mai saye aikin da zai yi da keken, ku faɗa masa gaskiya ko da ribar ranar za ta ragu. Wanda ka sayar wa rim maras ƙwari, ya karye masa da kaya a tsakiyar daji, ba zai sake tako shagonka ba, kuma zai ba da labari a tasha da majalisa.

Na biyu ga masu hawa. Araha ba ta ado. Bayan mako biyu ko uku da sayen sabon keke, a mayar wa mai gyara ya sake ɗaure wayoyi, domin suna saki a farkon aiki. A riƙa cika iska, tunda taya maras iska ke sa rim ya daki dutse ya cije tiyub. A sa giris a cibiya, musamman bayan ƙurar hunturu, a kuma kauce wa tsidau da ƙayar aduwa a gefen hanya. Waya ɗaya in ta karye, a sauya ta a ranar, kuɗinta bai kai na sabon rim ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.