Sharhi: Manhajojin kyauta da makomar littafin Hausa a wayar salula

Tsadar takarda da kuɗin ɗab'i sun kora marubutan Hausa da dama zuwa intanet, inda littattafai ke yawo a zaurukan WhatsApp a matsayin fayilolin Word ko PDF. Rufe dandalin OkadaBooks a watan Nuwamban 2023 ya ƙara nuna haɗarin da ke tattare da marubuci ya rataya aikinsa kacokan a wuyan kamfani guda.

Matsalar PDF ita ce shafinsa a kafe yake, sai mai karatu ya yi ta jan rubutu da yatsa. Tsarin EPUB kuwa, wanda ya fito a 2007, yana barin rubutu ya daidaita da faɗin fuskar kowace waya, kuma ana iya ƙara girman haruffa.

Mayar da rubutu zuwa wannan tsari ba ya cin ko sisin kwabo. LibreOffice ta fara fitar da EPUB kai tsaye tun 2018. Calibre, wadda Kovid Goyal ya ƙirƙiro a 2006, tana juya fayil ɗin Word cikin ɗan lokaci, yayin da Sigil ke ba da damar gyara littafin bayan an juya shi.

Sai dai ingancin littafi daga asalin rubutun yake farawa. Idan marubuci ya kaurara sunan babi kawai, bai sa masa salon kanu ba, da wuya manhaja ta gane shi, balle ta tsara jerin abubuwan da ke ciki. Haka nan haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, kan rikiɗe idan an buga su da tsofaffin haruffan da ba sa bin ƙa'idar Unicode. Maganin shi ne a bi ƙa'idar, sannan a cusa samfurin haruffan a cikin littafin.

Abin da manhaja ba ta magancewa shi ne satar fasaha, domin fayil ɗin da ta fitar ba shi da makulli. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka sata daga intanet, amma bin sawun fayil a zaurukan WhatsApp jan aiki ne. Muddin ba a samu amintacciyar hanyar sayarwa da karɓar kuɗi ba, marubuci zai kyautata littafinsa ne, wasu su ci moriyar guminsa.