ZAƁE IRI BIYU: NA NIJERIYA DA NA NIJAR

Garin Kumagannam na ƙaramar hukumar Yusufari a Jihar Yobe ba shi da nisa da iyakar Nijar, amma yadda ƙasashen biyu ke juya ƙuri'a ta zama kujera ya sha bamban.

A Nijeriya an gaji tsarin Ingila, watau mai rinjaye ya kwashe duka. Mutanen Kumagannam suna tarayya da Nguru, Machina da Karasuwa a mazaɓa ɗaya cikin 360 na Majalisar Wakilai. Wanda ya fi saura ko da ƙuri'a ɗaya ce, kujera tasa ce, masu goyon bayan sauran kuwa sun tashi a tutar babu. A Ingila kanta, a 2024, jam'iyyar Leba ta kwashe kujeru 411 cikin 650 da kimanin kashi 34 cikin 100 na ƙuri'u.

Nijar kuwa, kafin soja su rushe majalisa a 2023, kowace jiha mazaɓa ce guda, ana raba kujerunta tsakanin jam'iyyu gwargwadon ƙuri'unsu. Kazalika an keɓe kujeru 8 domin ƙananan ƙabilu irin su Tubawa da Larabawa.

Wannan batu ya shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai. Suna da yawa a Agege da Sabon Ibadan da Shagamu, amma a warwatse suke, da wuya su yi rinjaye a wata mazaɓa. Da Legas duka mazaɓa ɗaya ce, da tilas jam'iyyu su sa nasu cikin jerin 'yan takara domin neman ƙuri'unsu. Kwamitin Mai Shari'a Uwais ya ba da shawarar gauraya tsarin biyu a 2008, ba a karɓa ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. A tsarin rabo, shugabannin jam'iyya ne ke rubuta jerin sunaye, talaka bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Mutumin Gashuwa kuwa ya san wakilinsa, ya san gidansa. Bugu da ƙari, zaɓen Nijar na 1995 ya haɗa Shugaba Mahamman Usman da majalisar da ba ta tare da shi, rigimarsu da Firayim Minista Hama Amadu ta kai ga juyin mulkin 1996.

Saboda haka shawarar Uwais ta cancanci a sake dubawa: a bar wa kowace mazaɓa wakilinta, a ƙara wasu kujeru da za a raba gwargwadon ƙuri'a, don kada ƙuri'ar baƙo ta zama asara.