Wutar Da Indiyawa Ke Zagayawa A Ranar Aure

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon wata 'yar gardama ce da na tarar a nan Toranke bayan sallar isha'i. Samari ne a ƙofar shagon cajin waya, sun haɗa kai suna kallon fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa. An zo wurin ɗaurin aure, ga ango da amarya an ƙulle gefen tufafinsu suna zagaya wuta, sai wani yaro ya tambaya, wai wutar ta mece ce? Na farko ya ce ado ne na biki, kamar lalle a wurinmu. Na biyu ya ce Indiyawa duk arna ne masu bautar saniya, ya bi su da tsinuwa. Na uku, wanda ya ɗan taɓa boko mai zurfi, ya ce a bar zancen, ai addinai duk ɗaya ne, hanya ce kawai ta bambanta. To, babu wanda ya dace a cikinsu, kuma laifin ba nasu ba ne su kaɗai.

Fiye da shekara 60 ke nan da 'yan kasuwar Labanan, waɗanda muke kira Kwarori, suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Kano irin su Palace da Plaza da El Dorado. Dattawanmu har yau suna tuna Mother India na 1957. Daga silima abin ya koma kaset ɗin bidiyo, yau ga shi a tafin hannun kowane yaro daga Gaya har Ajingi. Wato mun shekara da shekaru ana yin ibadar Hindu a tsakar gidajenmu, amma da wuya ka ji an tsaya an yi wa jama'a bayanin abin da suke gani.

Wutar nan ba ado ba ce. Sunanta Agni, ɗaya ce daga cikin abubuwan bautarsu tun a Weda, tsofaffin littattafansu guda huɗu, kuma ita suke kafawa shaidar aure. Ma'auratan kan yi taku bakwai a gabanta suna ɗaukar alkawari, har dokar auren Hindu ta Indiya ta 1955 ta ce a inda ake bin wannan al'ada, da taku na bakwai aure ke ƙulluwa. Haka nan idan ka ga mace a gaban gunki da faranti, da furanni, da turaren wuta, tana juya 'yar fitila ana kaɗa ƙararrawa, wannan shi ne puja. Suna ɗaukar abin bautar a matsayin babban baƙo, a yi masa wanka, a sa masa sutura, a miƙa masa abinci, sannan a raba abincin ga jama'a don neman tubarraki. Jan garin da matar aure ke sawa a tsagar gashinta kuwa alama ce ta cewa mijinta yana raye. Da yawa daga waƙoƙin da yaranmu ke bi da baki ba su san ma'anarsu ba na soyayya ne, amma akwai na yabon Kirishna da Rama da Shiba a cikinsu.

Sai dai in ka tambayi masaninsu ba zai ce maka dutse yake bauta wa ba. Zai ce akwai haƙiƙa guda ɗaya, Barahman, wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe, gumakan nan kuwa fuskoki ne da mutum ke kusantarta da su. Zai ce rai yana mutuwa ya sake dawowa a wani jiki gwargwadon aikinsa, abin da suke kira karma, har ranar da zai kuɓuta daga wannan kai-komo. Saniya kuma suna girmama ta ne a matsayin uwa mai shayarwa, shi ya sa akasarinsu ba sa cin namanta.

Ya kai ɗan'uwa mai cewa addinai duk ɗaya ne, ka duba aya ta 3 a Suratuz Zumar. Hujjar da mushirikan Makka suka kawo ke nan, cewa ba sa bauta wa gumaka sai don su kusantar da su ga Allah, kuma Allah bai karɓa ba. Mai jiran tashin ƙiyama da hisabi sau ɗaya, da mai jiran a sake haihuwarsa, ba hanya guda suka hau ba, kuma shi kansa Bahinde mai riƙo da addininsa ba zai gode maka ba in ka share masa wannan bambanci. An taɓa gwada irin wannan gamin gambiza a Indiya. Sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya tara malaman addinai a fadarsa suna muhawara, daga baya a 1582 ya fito da wata tafiya tasa da ake kira Dinil Ilahi. Mutane ƙalilan ne suka bi ta, ta kuma bi shi kabari. Shehu Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen gyara ɓarnar da wannan zamani ya bari.

Amma wanda ya fi damuna shi ne mai tsinuwa, domin yana zaton kishin addini yake yi. Da farko ma ba duk Ba'indiye ne Bahinde ba, ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun haura miliyan 170. Sannan aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci, aya ta 8 a Suratul Mumtahana kuma ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba, bai kore mu daga gidajenmu ba. Mu da Indiyawa suka koyar da mu lissafi da kimiyya a makarantun sakandare a shekarun 1970 da 1980, da yawanmu za su shaida cewa sun yi aikinsu ba su taɓa mana salla ba.

Magabata ba su ji tsoron sanin addinin nan ba. Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malamansu, wajen 1030 ya kammala littafinsa a kan Indiya. Ya kawo aƙidarsu kamar yadda su suke faɗarta, ya bambanta fahimtar masanansu da ta gama-garinsu, bai kuma bar Musuluncinsa ba. Kafin shi, da Muhammadu bin Ƙasim ya ci ƙasar Sindi wajen 712, an ba 'yan Hindu amana, suna biyan jiziya suna riƙe da wuraren ibadarsu. Wannan ba baƙon hukunci ba ne a ƙasar Kano. Haka Maguzawa suka zauna a ƙarƙashin sarakunan Musulunci, ana cin kasuwa ɗaya da su, kuma da yawa daga jikokinsu yau su ne a sahun gaba a masallaci. Mu ma da muke magana, kada mu manta a gindin Dala an taɓa yi wa Tsumburbura yanka.

Na san za a ce da ni, to Masallacin Babri fa? Gaskiya ne. Ranar 6 ga Disamba 1992 masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka rushe shi a Ayodiya, aka yi asarar rayuka masu yawa, a Janairun 2024 kuma aka buɗe ɗakin bautar Rama a filin. Wannan zalunci ne, kuma za mu ci gaba da kiransa da sunansa. Amma irin wannan ra'ayi ne ya harbe Gandi, Bahinde mai ibada, ranar 30 ga Janairu 1948, bisa zargin yana sassauta wa Musulmi. Wanda ya haɗa Gandi da makashinsa a ma'auni guda bai yi adalci ba, alhali aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci.

Saboda haka ina kira ga malaman Islamiyyunmu, musamman na ajin matan aure, domin a ɗakunansu aka fi kallon nan. Hana kallo da baki kawai an daɗe ana yi, wayoyin kuwa sai ƙaruwa suke. A ware darasi a cikin karatun tauhidi, a kira abubuwan nan da sunayensu, a faɗi ma'anarsu a wurin masu su ba tare da ƙari ko izgili ba, sannan a faɗi hukuncinsu a wurinmu. Yaron da ya yi tambaya a daren nan na yi masa wannan bayani a tsaye, cikin abin da bai kai minti goma ba. Da na gama sai ya ce, Malam, to ita fitilar da suke jerawa a ƙofar gida fa? Na ce masa ta bikin Diwali ce, ya same ni gobe bayan la'asar.