A Yi Hattara Da Jan Kaya Da Mota

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wani ganganci da ya zama ruwan dare a hanyoyinmu, musamman da kaka, lokacin da kowa ke ƙoƙarin kai amfanin gona kasuwa. Ina nufin yadda ake ɗaura wa mota abin da za ta ja, ko tirela, ko amalanke, ko wata motar da ta mutu a hanya, ba tare da an yi lissafin komai ba. Ni dai na daɗe ina tuƙin manyan motoci kafin ƙarfi ya ja baya in koma tireda, saboda haka maganar nan ba a bakin wani na ji ta ba.

Abin da akan tambaya a tasha shi ne, "Za ta iya ja?" In direba ya ba ta wuta ta motsa, sai a ce shi ke nan, Allah ya kiyaye hanya. To jama'a, ja ba wuya ne da shi ba, tsayawa ita ce aiki. Duk wanda ya taɓa kora amalanken shanu ya san a hawa shanu ke jan amalanke, amma a gangara amalanke ke tura shanu. Haka abin yake ga mota. Kayan da ka janyo, da zarar ka taka birki sun koma masu tura ka.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Buhun masara mai kilo 100, guda 10 tan ɗaya ke nan. A ce a-kori-kura mai nauyin tan 2 ta janyo tirela wadda ita da kayanta tan 2 ce, kuma tirelar ba ta da birkin kanta. Birkin motar da tayoyinta ne kaɗai za su tsayar da tan 4, don haka tazarar da za ta ci kafin ta tsaya kusan ninki biyu ce. Gudu kuwa ya fi nauyi mugunta. In ka ninka gudu daga kilomita 40 a awa zuwa 80, tazarar birki ninki huɗu take komawa. Sa'annan mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Ke nan kafin ƙafar direba ta bar totur ta kai kan birki, an riga an wuce akuyar ko yaron da aka hango.

Sai jan matacciyar mota da igiya ko sarƙa, wanda shi ya fi tayar mini da hankali. Tazarar mita 5 da ke tsakanin motocin biyu, a gudun kilomita 60 ba ta kai tafiyar sulusin daƙiƙa ba. Ga shi in inji ya mutu, birkin ƙaramar mota kan yi tauri, sitiyari ma haka in mai aiki da inji ne. Babbar mota kuwa birkin iska gare ta, kuma inji ke tara iskar. In iska ta tsiyaye, a yawancin motocin birkin baya kan kama da kansa, sai bakanike ya kwance shi don a samu a ja. Daga nan motar ba ta da birki ko na anini, sai dai in an jona mata tiyon iska daga ta gaba. Yaya za a ja irin wannan da igiya? Sandar ƙarfe ake sawa, ko a nemi janwe. A kuma cire farfela, in ba haka ba a je a tarar giyabos ya ƙone, garin gudun kuɗin janwe a sayi babbar hasara. Kada kuma kowa ya tsaya kusa da sarƙa in ana fisga, don in ta tsinke da ƙarfi take dawowa, tana iya karya ƙafa ko fasa kai.

Yadda ake jera kaya ma abin dubawa ne. A ƙaramar tirela mai tayoyi a tsakiya, wajen kashi 60 cikin 100 na kaya ya kamata su zauna gaban tayoyin, ta yadda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar zai danne wurin ɗauri. In aka jibge nauyi a baya, tirelar za ta ɗaga gindin motar, tayoyin baya su daina kama ƙasa sosai, sai ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama. In haka ta faru kada a danna birki da ƙarfi. A riƙe sitiyari sak, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali har ta natsu, a tsaya a sake lodi. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Wani zai ce nasa kayan ba nauyi, harawa ce, ko kara, ko katifu, ko jarkoki ba komai ciki. To irin waɗannan tsawo da faɗi ne haɗarinsu. Duk yadda kaya suka yi sama, haka mota ke saurin kifewa a kwana ko in taya ɗaya ta faɗa rami. Ga iskar hunturu, ga guguwar farkon damina, ga iskar da tirela ke kwaɗo wa mutum in ta wuce shi, duk faɗin kayan suke samu su tura. Mai nauyi a sa shi ƙasa, marar nauyi a sama, a ɗaure tam, a tsaya bayan ɗan tafiya a sake jan igiya. Masu jan tankin ruwa su sani lita 1000 tan guda ce, kuma tankin da ke rabi ya fi cikakke haɗari, don ruwan kan yi tambal-tambal ya bugi gefe a kwana, ya bugi gaba in an taka birki.

Gangara kuma da giya ake sauka. Duk direban da ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san abin da nake faɗa. In aka ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, zafi zai yi kafin a kai ƙasa, a taka a ji babu. A sa babbar giya tun kafin a fara sauka, a kuma bar mugunyar ɗabi'ar nan ta sa mota a firi wai don tsimin mai. Littafin dokokin hanya na Nijeriya ya ƙayyade wa motar da ke janye da wata kilomita 45 a awa, ko da a babbar hanya ce. Su nawa ke bin wannan?

'Yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa, mu ma da laifinmu. Mu ke matsa wa direba ya ƙara buhu biyar don kuɗin mota ya sauka, mu ke cewa a yi sauri kada kasuwar Dawanau ta tashi, mu ne kuma ke hayewa kan lodi mu zauna. Ranar da mota ta kife, na sama ne ke fara zuwa ƙasa, buhunan su bi shi. Ribar buhu biyar ba za ta riƙe marayu ba. In ka ga an ɗaura wa mota abin da ya fi ƙarfinta, sauke kayanka ka jira wata. Haka masu tafiya a gefen hanya da masu kasa kaya a bakin kwana, ku sani tayoyin bayan tirela ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa.

Ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 domin irin wannan aiki, da shugabannin ƙungiyar direbobi, su riƙa shiga tashoshin ƙauye ran kasuwa suna wayar da kan jama'a da Hausa. A hana jan mota da dare ba fitila a bayanta, a kuma tilasta ajiye alamar nan mai kusurwa uku maimakon ganye da duwatsun da akan bari a kan titi su zama tarko ga na baya.

Mun yarda komai da ƙaddara, amma ganganci ba tawakkali ba ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, ya kai kowa gida lafiya, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani tsohon direba, daga Funtuwa.